Hiroshima: Lambun zaman lafiya a kan tokar kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya shiga lambun tunawa da zaman lafiya na birnin Hiroshima, a ƙasar Japan, ya sani cewa a kan tsohuwar kasuwa yake takawa. Wannan wuri, da ake kira Nakajima, a da unguwar ciniki ce, mai shaguna da masaukan baƙi da gidajen silima.

A ranar 6 ga watan Agusta na 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin yaƙin Amurka ya saki bam ɗin nukiliya a kan birnin. Bam ɗin ya fashe tun yana sama, kimanin mita 600 daga ƙasa. Kafin ƙarshen shekarar, an ƙiyasta mutane wajen 140,000 suka rasa rayukansu, wasu nan take, wasu kuma sanadiyyar ƙuna da gubar bam ɗin. Unguwar Nakajima ta shafe ƙurmus, a gurbinta ne aka buɗe lambun a 1954.

Ziyararmu ta soma ne daga wani kangon gini mai ƙubba a bakin kogi. An gina shi a 1915 domin baje kolin kayayyakin da yankin ke sarrafawa. An bar shi yadda bam ya bar shi, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihi na duniya a 1996.

Da muka ƙetare gada, sai ga gidan hutun maziyarta, wanda asalinsa kantin tufafi ne da aka gina a 1929. Cikin ma'aikatan da ke ginin a ranar, mutum ɗaya ne ya rayu, shi ma don ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ɗauko takardu. Gaba kaɗan akwai wani tudu da ke ɗauke da tokar mutane kusan 70,000 da ba a gane su ba. Akwai kuma wata wuta da aka kunna a 1964, wadda aka ce ba za a kashe ta ba sai ranar da makaman nukiliya suka ƙare a duniya.

Wannan labari bai bar nahiyarmu a baya ba. Mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aiki da shi wajen haɗa bama-bamanta na farko daga Kongo aka haƙo shi. Daga baya, a 1996, ƙasashen Afirka suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta irin waɗannan makamai a nahiyar.

Mun ga yadda rufe iyakar Nijar da Najeriya na ƴan watanni a 2023 ya durƙusar da ciniki, alhali shaguna na nan tsaye, masu su na raye. A Nakajima kuwa, mai kanti da mai saye da mai bin bashi duk safiya ɗaya ta ɗauke su. Ashe babban jarin ɗan kasuwa shi ne zaman lafiya.