Bayani a Kan Sauti Mai Kewayawa da Fina-finan da Ake Jarraba Shi da Su

Duk wanda ya saba shiga falukan mutane a biranenmu na yanzu, ko ɗakunan amare inda ake jeren kaya, lalle ya sha ganin wani abu wanda, ko da yake jama'a ba su ɗauke shi aibi ba, hasara ce bayyananniya ga wanda ya san manufar abin: za a sayo na'urar nan mai lasifika biyar da wufa guda, wadda 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, a biya kuɗi masu kauri, sa'an nan a jera lasifikokin duka biyar a gindin talabijin, kafaɗa da kafaɗa, don su yi kyan gani. Mai yin haka tamkar attajiri ne da ya ɗauki masu gadi biyar ya tsayar da su a ƙofa ɗaya, ya bar sauran kusurwoyin gidansa ba kowa. Waɗanda suka ƙago na'urar sun yawaita lasifikokin ne domin kowace ta tsare jiharta, har abin da ke gaban mai kallo ya zo masa ta gaba, abin da ke bayansa ya zo masa ta baya, ya wayi gari yana tsakiyar labarin maimakon yana leƙensa ta taga. Ƙarfin ƙara kuwa, wanda shi ne mafi yawan masu saye ke nema, shi ne mafi ƙarancin fa'idojinta.

Asalin al'amarin yana cikin halittar ɗan Adam, da hikimar da Ubangiji ya yi wajen ba shi kunne biyu, ɗaya a kowane gefen kai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa guda, saboda haka idan aka kira mutum daga damansa, kiran zai riski kunnen dama kafin na hagu da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma zai isa na hagun da ɗan rauni saboda kai ya tare shi. To, da wannan ɗan bambanci, wanda ba mai iya lura da shi da gangan, ƙwaƙwalwa ke yanke hukuncin inda mai kiran yake tun kafin mutum ya waiwaya. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne kuma, waɗanda ake zaton ado ne kawai, su ke canza launin sautin gwargwadon ko daga sama ya sauko ko daga baya ya taso. Abu ɗaya ne kunne ya gaza a kansa, shi ne sauti mai kauri ƙwarai, irin rugugin tsawa daga nesa, wanda ba a cika gane jiharsa a cikin ɗaki ba; dalilin da ya sa ke nan wufa ɗaya, wato lasifikar da ke fitar da irin wannan sauti, ta wadatar.

Masana sun daɗe suna bin wannan sirri. An ruwaito cewa wani injiniya Bature mutumin Ingila, Alan Blumlein, ya ji haushi a gidan silima da ya ga ɗan wasa a wannan gefen allo alhali muryarsa na fitowa daga wancan, shi ne ya yi rajistar dabarar sauti mai hanya biyu a 1931. A 1940 kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin Fantasia da lasifikoki kewaye da zaure, amma tsadar kayan da yaƙin duniya suka hana abin yaɗuwa. Sai da kamfanin da Ray Dolby ya kafa a Landan a 1965 ya gano yadda za a cusa hanyoyi huɗu cikin gurbin biyu a jikin fim, sa'an nan talakan gidan silima ya iya ɗauka, kuma Star Wars na 1977, wanda ya buɗe da wani ƙaton jirgi yana ratsawa ta bisa kawunan 'yan kallo, shi ya gamsar da masu gidajen cewa akwai riba a ciki. Daga nan Dolby Digital ya bayyana da Batman Returns a 1992, kishiyarsa DTS ta biyo baya da Jurassic Park a 1993, faifan DVD kuma ya shigo da su cikin gidaje a ƙarshen shekarun 1990.

Lambar nan 5.1 da ake gani a jikin kwali, ma'anarta hanyoyi biyar cikakku da guda ta sauti mai kauri zalla. Uku suna gaba: hagu, da dama, da tsakiya. Ta tsakiyar nan ita ce uwar tafiya, domin kusan duk maganar 'yan wasa ta cikinta take fita, don haka wajibi ne ta zauna daidai ƙarƙashin allo ko bisansa, tana fuskantar kunnen mai zaune, ba a tura ta can cikin durowa ba. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa ita ce ta hagu da ta dama su karkata da digiri 30 daga tsakiya, na kewaye kuma su tsaya wajen digiri 110, wato a gefen mai zaune da ɗan komawa baya kaɗan, sama da kunnensa da 'yar tazara. Wanda kujerarsa ke manne da bango, kamar yadda take a galibin falukanmu, ya sa su a gefe da gefe, ya fi masa alheri da ya rataye su bisa ƙeyarsa. In kuma wata ta fi wata kusa, akwai gurbi a cikin amfilifaya inda ake rubuta nisan kowace, ita kuwa sai ta jinkirta ta kusa har sautin ya iso tare. Kada a raina wannan, gama kowane santimita 34 daidai yake da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma mun riga mun ga abin da kunne ke yi da ƙasa da haka.

Wufa tana da nata sha'anin. Ma'abota wannan fanni suna miƙa mata duk sautin da girgizarsa ta gaza sau 80 a daƙiƙa, bisa ƙa'idar THX, tsarin da kamfanin George Lucas ya kafa a 1983, kuma suna da wata dabara mai sauƙi ta nemo mata mazauni: a ɗora ta a kan kujerar da ake zama, a saki kiɗa mai kauri, mutum ya bi gefen bango da rarrafe yana saurare, duk inda ya ji sautin ya fito sumul ba tare da gunji ba, nan ne gurbinta. Cusa ta a lungu yana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa yakan mai da ita mai ruri ɗaya tilo.

Ɗakin kansa kuwa, a ra'ayina, ya fi rabin na'urar muhimmanci, kuma nan ne gine-ginenmu na zamani suka fi cutar da mu, domin daɓen tayil da bangon siminti da tebur na gilashi ba abin da suke yi illa mayar da sauti, har amsa-kuwwa ta cakuɗe da asali, kunne ya rasa wanda zai gaskata. Mutum ya tsaya tsakiyar falonsa ya tafa hannu sau ɗaya. In ya ji tafin ya yi wutsiya, to kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule mai nauyi, da kantar littattafai a jikin bango za su amfane shi fiye da sabuwar amfilifaya. Haka nan kada ya ruɗu da dubban wat ɗin da ake bugawa a kwali da haruffan PMPO, lamba ce ta talla. Wadda ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS. Sharaɗi na ƙarshe shi ne fim ɗin kansa ya zo da hanyoyi shidan, alhali galibin waɗanda ake turawa a waya da na fassara hanya biyu gare su, kuma na'ura ba ta iya fitar da abin da ba a zuba mata ba.

Idan an gama girki sai jarrabawa, kuma masu sha'awar abin suna da wasu fitattun wurare a fina-finai da suka yi kusan ijma'i a kansu. Mafi daɗewa shi ne farkon Apocalypse Now na Francis Ford Coppola, 1979, wanda Walter Murch ya tsara sautinsa: allo yana baƙi ƙirin, sai fiffiken jirgi mai saukar ungulu ya taso daga baya ya zagaya ɗakin, daga bisani kuma ya narke cikin ƙarar fankar silin a wani ɗakin otel a Saigon. Idan zagayen ya yi tsalle daga lasifika zuwa lasifika maimakon ya gudana, akwai wadda ta fi 'yan'uwanta ƙarfi. Mai son gwada wufa kuma ya nemi wurin da dodon nan ya fasa shinge a Jurassic Park, inda ruwan sama ke dukan rufin mota, ruwan kofi yana rawa saboda takun da ba a ga mai shi ba tukuna, kuma babu kiɗa ko kaɗan. Rurin dodon kuwa, Gary Rydstrom ya harhaɗa shi ne daga kukan ɗan giwa da damisar Asiya da kada. Shi dai Rydstrom ɗin ne ya yi aikin saukar sojoji a gaɓar Omaha cikin Saving Private Ryan na 1998, fiye da minti 20 harsasai na keta ɗaki ta kowace fuska, sauti ya dushe in kyamara ta nutse a ruwa, ya dawo in ta taso. Sai dai in yi tuni a nan cewa sauti mai kauri ba ya jin bango, yana ratsa shi ya isa ɗakin maƙwabci wanda bai nemi kallo ba, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba ƙaramin abu ba ne a shari'a. A yawancin amfilifayoyi akwai saitin dare da ke rage tazara tsakanin raɗa da fashewar bam.

Amma ni abin da na fi rinjayarwa shi ne wuraren da ke neman daidaito, domin kowace na'ura tana iya ruri, kaɗan ce ke iya nuni. A cikin House of Flying Daggers na Zhang Yimou, 2004, an tsayar da wata mai rawa da ake zaton makauniya ce a tsakiyar ganguna da aka kafa da'ira, wani hafsa yana harba ƙwayar wake ta bugi wannan ganga ta faɗa wa waccan, ita kuwa sai ta bi sawun sautin ta doki gangunan nan bi da bi da dogon hannun rigarta, har daga ƙarshe ya watsa waken kwano guda gaba ɗaya. Mai kallo ya rufe idonsa ya gwada nuna kowace ganga da yatsa. In ya iya, lasifikokinsa na kan ƙa'ida, in kuwa bugun ya dunƙule wuri guda, to akwai gyara. Kusa da shi a daraja akwai farkon Master and Commander na Peter Weir, 2003, wanda ake yabo saboda igwa ta gaskiya da aka ɗauki ƙararta, alhali abin mamakin yana gabanin harbin, lokacin da ake cikin cikin jirgin ruwan, katako na ƙara ta ko'ina, ana jin gudun ma'aikata a kan dakalin da ke sama, har mutum ya ɗaga kai ko da babu lasifika a rufin ɗakinsa.

Lasifikar rufi ta yaɗu ne da Dolby Atmos, wanda aka fara da fim ɗin Brave a 2012, inda mai haɗa sauti ke ba kowace ƙara matsayinta a sarari, na'ura kuma ta raba ta gwargwadon lasifikokin da ta tarar. Lamba ta uku a irin 5.1.2 adadin na sama take nufi. Akwai dogayen lasifikoki na gaban talabijin da ke harba sauti sama don ya dawo daga silin, amma sharaɗinsu silin ya zama shafaffe, rufin nan namu mai ado hawa-hawa da fanka a tsakiya kuwa warwatsa shi yake yi. Wanda ya fi kowa sanin amfanin wannan tsari, a ganina, shi ne Alfonso Cuarón, mutumin Meziko. A Gravity na 2013 ya karya al'adar tsare magana a tsakiya, ya bar muryoyin 'yan sama jannati suna yawo a ɗaki duk inda masu su suka juya. A Roma na 2018 kuma, labarin wata 'yar aiki a birnin Meziko a farkon shekarun 1970, babu dodo babu igwa, sai haushin karnuka daga gidajen maƙwabta, da masu talla suna wucewa a titi, da jirgin sama can nesa, da igiyar teku da ke rufe mai kallo a kusa da ƙarshe. Da irin wannan fim ake daidaita lasifikokin baya: in har hankalin mutum yana komawa gare su a kai a kai, ya san daga wane akwati haushin karen ya fito, to sun yi yawa, sai ya rage musu desibel ɗaya ko biyu ya sake saurare.