Harshe da Adana Sakamakon Gwajin Nan-Take a Kundin Majiyyata na Kwamfuta: Tsokaci a Kan Asibitocin Abuja

1.0 Gabatarwa

Akwai gwaje-gwajen asibiti da ba sai an tura majiyyaci ɗakin gwaji ba. A kan teburin likita ko na nas ake yin su: a huda yatsa, a ɗiga jini a kan tsinken gwaji, a ɗan dakata. Daga cikinsu akwai gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sukari da na cuta mai karya garkuwar jiki. Wannan maƙala za ta dubi matsalar harshe da ke tattare da shigar da sakamakonsu cikin kundin majiyyata na kwamfuta a Abuja.

2.0 Muhimmancin Rubutawa

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro sai gwaji ya tabbatar da shi. Tsinken wannan gwaji kuwa ana karanta shi ne bayan minti 15 zuwa 20, sa'an nan a jefar. Ke nan abin da ma'aikaci ya rubuta shi kaɗai ne shaidar da za ta rage. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya ajiye kundin majiyyaci da kuma tsare sirrinsa. Cibiyoyi da dama masu kula da cuta mai karya garkuwar jiki sun koma ajiye shi a kwamfuta, ta manhajar NMRS wadda aka gina a kan OpenMRS.

3.0 Tsakanin Bakin Majiyyaci da Kwamfuta

Yawancin guraben manhaja zaɓi ne da aka riga aka tsara da Ingilishi, alhali majiyyata da yawa daga Nyanya ko Kubwa ko Gwagwalada da Hausa suke bayani, har da waɗanda ba Hausawa ba. Saboda haka fassara biyu ake yi a kowane gwaji, wato daga bakin majiyyaci zuwa kundi, da kuma daga kundi zuwa kunnensa.

Gwajin sukari kyakkyawan misali ne. Dole kundi ya nuna ko an ɗebi jinin ne bayan majiyyaci ya yi aƙalla awa 8 bai ci kome ba. Idan aka fassara wannan sharaɗi da "azumi", to Bahaushe azumin ibada zai fahimta, mai sahur, wanda ba a shan ruwa a cikinsa, alhali a nan shan ruwa bai ɓata kome ba. Wanda ya yi sahur da asuba ya zo asibiti da hantsi zai amsa cewa yana azumi, kuma gaskiya ya faɗa, amma sakamakon zai shiga gurbin da ba nasa ba. Hausa tana da abin da ya fi dacewa, wato "kafin karya kumallo". Haka nan lamba ba ta da ma'ana sai da ma'auninta. Sukari 7 a ma'aunin milimol daidai yake da 126 a ma'aunin miligiram, kuma daga nan ne likitoci ke fara zancen ciwon sukari ga wanda bai karya ba. Lamba 7 tsurarta, ba tare da ma'auni ba, tana iya ɓatar da likita na gaba.

Kalmomin aro "fozitif" da "negetif" su ma suna da nasu tarnaƙi. Ma'aikaci yakan kauce musu ya ce "gwaji ya yi kyau", majiyyaci ya tafi bai san ko an samu cutar ko ba a samu ba. A gwajin cuta mai karya garkuwar jiki abin ya fi tsanani, domin tsinken farko alama kawai yake nunawa, sai an bi shi da wani gwajin daban. Wajibi ne kundi da baki su bambance "an ga alama" da "an tabbatar".

Sai kuma "shawara". Majiyyaci yana faɗinta ga kowace rashin lafiya da ke mayar da ido rawaya, kafofin watsa labarai kuma suna kiran zazzaɓin nan mai allurar rigakafi, wanda sauro ke yaɗawa, da ita. Tsinken da aka fi amfani da shi kuwa ciwon hanta nau'in B kaɗai yake nema. Wanda aka ce masa "ba ka da shawara" bayan wannan gwaji an gaya masa fiye da abin da tsinken ya sani. Ya kamata a rubuta kalmar majiyyaci yadda ya furta ta, a gefen sunan gwajin.

Tsarin LOINC, wanda Cibiyar Regenstrief ta Amurka ta ƙirƙiro a 1994, ya bai wa kowane gwaji lamba guda, kuma an fassara sunayen zuwa Faransanci da Sifaniyanci da Sinanci ba tare da lambar ta sauya ba. Hausa ma za ta iya bin wannan hanya. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya taƙaita ne ga harshe da adabi da dabarun koyarwa. Irin zaman da ya samar da shi ake bukata a nan, amma tare da likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu tsara manhaja.