Awon jinin cutar erpes: wanne ne abin dogara?

Erpes ciwo ne na ƙuraje masu ruwa da zafi, masu fitowa a leɓe ko a al'aura, su warke, su sake dawowa. Ƙwayar iri biyu ce: HSV-1, wadda yawanci tun ƙuruciya ake ɗaukarta ta baki, da HSV-2, wadda ake ɗauka ta jima'i. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce mutum sama da miliyar 3 ke ɗauke da HSV-1, akasarinsu ba su ma sani ba.

Awon jini ba ya ganin ƙwayar kanta. Sojojin da jiki ya tanada domin yaƙarta yake nema, kuma awon ba iri ɗaya ba ne.

Na farko shi ne IgM. Likitoci ba su ba da shawarar yin shi, don ba ya bambanta HSV-1 da HSV-2, kuma yakan fito ko ga wanda ya daɗe da cutar. Ke nan ba ya nuna cewa kwanan nan aka kamu.

Na biyu shi ne IgG mai tantance iri, kamar HerpeSelect da Kalon. Ya fi inganci, amma da sharaɗi. Jiki na iya ɗaukar har mako 12 kafin sojojin su bayyana, don haka awon gaggawa na iya cewa babu, alhali akwai. Sannan in lambar HerpeSelect ta tsaya tsakanin 1,1 da 3, sau da yawa ƙarya ce. Bincike a ƙasashen Afirka ya nuna HerpeSelect ya fi Kalon yawan laƙa wa mai lafiya cuta.

Na uku, Western blot, shi ne gwani, amma a Jami'ar Washington ta Amurka aka fi yin shi, samunsa da wuya. Shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ke cewa a tabbatar da sakamako mai ƙaramar lamba da wani awo daban.

In kuwa ƙurajen na nan, a manta da jini: a dangwalo ruwansu a yi awon PCR, shi ne ke gano ƙwayar kai tsaye.

Jama'a, takardar laboratuwar ba alƙali ba ce. HSV-1 a jini ba ya faɗin ko a baki ciwon yake ko a al'aura, kuma babu awon da ke faɗin yaushe ko daga wa aka ɗauka. Kada a fasa aure ko a zargi miji ko mata a kan lamba ɗaya.

Amma kuma kada a yi sake. HSV-2 na ninka haɗarin kamuwa da sida kusan sau uku, kuma mai ciki da ta kamu gab da haihuwa na iya shafa wa jariri. Cutar ba ta fita daga jiki, amma maganin asiklobir na rage tashinta. Wanda ya ga ƙuraje, ya garzaya CSI tun ba su bushe ba.