Tsohuwar Kwamfuta Ta Yi Nauyi: A Gyara Ko A Sake?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, manhajar da ke kan ɗimbin kwamfutocin ofisoshinmu da makarantu da shagunan buga takardu. Kwamfutocin ba su mutu a ranar ba, suna nan suna kunnuwa kamar kullum, sai dai an daina aiko musu da gyare-gyaren tsaro na kyauta irin na da. Wannan ya ƙara wa wata tsohuwar tambaya nauyi: na'urar da sai ta ɓata mintuna kafin ta buɗe, kuɗi za a kashe mata ko rabuwa za a yi da ita? Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabo, don haka amsar ba ta wasa ba ce ga ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci.

Abin da nake gani shi ne, yawancin kwamfutocin da ake cewa sun tsufa, sashe guda ne a cikinsu ya gaji, kuma sau da yawa shi ne mai sauƙin kuɗi. Gano shi ba ya bukatar ko sisi. Lokacin da na'urar take jan ƙafa, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna yadda furosesa da RAM da faifan ajiya suke aiki. Wanda ya maƙale kusa da kashi 100 cikin 100, shi ne mai laifi.

Galibi faifan ajiya ne. Had-dis ƙirƙira ce tsohuwa, kamfanin IBM ya fara fito da ita tun 1956, kuma har yau tsarinta bai sauya ba: faifai ne ke juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti, wani ɗan hannu yana kai da komo a kansa yana neman bayanai. Duk lokacin da Windows ta bukaci dubban ƙananan fayiloli, sai ta jira hannun nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai, babu abin da ke motsi a cikinsa. Had-dis na laftof yakan karanta kimanin megabayit 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA yakan haura 500, kuma a wajen neman ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nisa ƙwarai. Shi ya sa laftof ɗin da ya shekara takwas, da zarar an sa masa SSD mai gigabayit 256, mai shi kan yi zaton an musanya masa na'ura. Ga wani amfani da ya dace da mu: SSD ya fi jure girgizar babur da faɗuwa, kuma bai kai had-dis cin batir ba.

Sai RAM. Shi kamar teburin tela yake: in ya yi ƙanƙanta, sai telan ya ninke wannan yadi ya ajiye kafin ya shimfiɗa wancan, aiki ya yi ta tsayawa. Gigabayit 4 ya yi kaɗan a yau, domin Chrome kaɗai da shafuka goma a buɗe zai iya lashe shi. Takwas ya wadatar da mai rubutu da lissafi da bincike a intanet. Mai haɗa bidiyo ko zanen gini ya nemi 16. Amma a duba kafin a saya. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, kuma wasu siraran laftof an liƙe RAM ɗinsu a jikin allon na'urar, babu halin ƙari.

Akwai kuma ciwon da ƙasarmu ke jawowa. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da ƙofofin iska, zafin bazara a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya haura digiri 40, furosesa kuma an gina shi ne ya rage gudu da kansa idan ya yi zafi don kada ya ƙone. A buɗe, a kakkaɓe ƙurar, a sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi. Wannan kaɗai ya tashi na'urori da yawa. Abin da ba na so shi ne al'adar wasu masu gyara ta cewa “sai an yi fomatin” kafin su duba komai. Gogewar takan kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma idan faifan ne ya gaji, nauyin zai dawo, wani lokaci ma bayan hotuna da takardun mutum sun salwanta.

To, ina iyakar gyara? A furosesa take, domin a yawancin laftof ba a sauya shi. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, tare da guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A nan ne ake cutar mutane da yawa a kasuwa, ko a Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Mai saye yana jin “Core i7” sai hankalinsa ya kwanta, alhali lambar da ke biye ita ce labarin. i7-4600U zubi na huɗu ne, na 2013, mai ƙwaƙwalwa biyu. i5-8250U zubi na takwas ne, na 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu. Ya fi wancan gudu nesa ba kusa ba, kuma yana ɗaukar Windows 11. Adadin farko bayan ɗan layin nan shi ke faɗin zubin. In lambar ta fara da 1, kamar 10210U, to biyun farko za a karanta.

Saboda haka na'urar da take zubi na takwas ko sama, a ganina asara ce a rabu da ita don nauyi kawai. A sa mata SSD, a kai RAM takwas, za ta yi shekaru tana aiki. Wadda take tsakanin zubi na huɗu da na bakwai ta cancanci SSD ita ma, amma mai ita ya san matsayinsa: ko dai ya koma Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta tsaronsu, ko ya daina shiga asusun banki da ita. Akwai dabarun cusa Windows 11 a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba, kuma ban ga hikimar ɗora sana'a a kan haka ba.

Wani lokaci kuma haƙuri ne ya kamata. Idan sikirin ya fashe, maƙalar murfi ta karye, batir ya mutu, bakin caja yana wasa, kuɗin gyaran zai tasam ma rabin kuɗin wata ta hannu mai kyau, sai a sake. Batirin da ya kumbura har ya ɗago kibod, a cire shi a ranar, domin yana iya kamawa da wuta.

Wanda zai rabu da tasa, kada ya miƙa wa 'yan jari-bola da faifan a ciki. A cire shi, a sa masa gida, ya zama ma'ajiyar waje. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani kaso na sharar nan yana ƙarewa ne a hannun matasan da ke ƙona wayoyi don ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin gubar.

Mai karatu, kafin ka nufi kasuwa da kuɗinka, kwafe muhimman takardunka a wani wuri, ka rubuta cikakkiyar lambar furosesanka a takarda, sannan ka nemi mai gyara ya nuna maka da idonka sashen da ya gaza.