Yadda Ake Tafiyar da Aikin Fasaha a Kamfani, Daga Tsarawa Zuwa Miƙawa

Aikin fasaha a kamfani shi ne duk wani aiki mai farko da ƙarshe da ake yi domin sauya yadda kamfanin ke gudanar da harkarsa ta hanyar kwamfuta. Kafa manhajar lissafin kuɗi, haɗa rassa da hedikwata ta intanet, buɗe shagon sayarwa a waya, kwashe bayanan kwastomomi daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, duk suna cikin wannan rukuni. Abin da ya raba shi da aikin yau da kullum shi ne sau ɗaya ake yin sa, yana da kasafinsa da wa'adinsa, kuma ana yin sa ne alhali kamfanin yana ci gaba da ciniki. Yawancin irin waɗannan ayyuka da suka lalace, idan aka bi sawu, sai a tarar matsalar ta faro ne daga shawarar da ba a yanke ba: me za a gina, wa ke da ta cewa, yaushe za a ce an gama.

Iyakar aiki da mai shi

Matakin farko shi ne rubuta takardar kafa aiki, wadda ba ta buƙatar wuce shafi biyu. A cikinta ake bayyana matsalar da ake son magancewa da harshen kasuwanci. "Sayen manhajar sito" ba manufa ba ce. Manufa ita ce manaja ya iya sanin adadin kayan da ke kowane reshe kafin a rufe shago kullum. Daga nan sai a lissafa abin da ke cikin aikin, a kuma lissafa abin da ba ya ciki, domin jeri na biyun ne ke kashe gardama nan gaba.

Takardar tana ambaton mutum biyu. Na farko mai aikin, wato babban jami'in da zai ci moriyar sakamakon, wanda ke da ikon sakin kuɗi da raba gardama tsakanin sassa. Na biyu manajan aikin, mai bin diddigi kullum. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a damƙa komai ga sashen kwamfuta. Manhajar albashi ta sashen kuɗi da na ma'aikata ce, kuma su ne suka san inda take musu ciwo. Domin kauce wa jifan juna da laifi, ana zana tebur mai sauƙi: a gaban kowane aiki a rubuta wanda zai yi, wanda za a tuhuma idan bai yiwu ba, waɗanda za a nemi shawararsu, da waɗanda za a sanar kawai. Gurbin wanda za a tuhuma mutum ɗaya tak yake ɗauka.

Kowane aiki yana tsaye ne kan abu uku: yawan abin da za a yi, lokaci, da kuɗi. Idan aka taɓa ɗaya, dole sauran su motsa. Shi ya sa duk sabuwar buƙata da ta taso bayan an fara aiki ake rubuta ta, a ƙiyasta kwanakin da kuɗin da za ta ci, mai aikin ya sa hannu kafin a karɓa. Inda babu wannan ƙa'ida, kowane shugaban sashe sai ya riƙa cusa tasa, har aikin ya kumbura ya fi ƙarfin masu yin sa. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Hanya mai amfani ita ce a kasa buƙatu gida huɗu: na dole, masu muhimmanci, waɗanda za a yi idan da hali, da waɗanda aka amince ba za a yi a wannan karon ba.

Jadawali da ƙiyasi

Bayan an san iyaka, sai a daddatsa aikin zuwa ƙananan sassa, har kowane sashe ya zama abin da mutum ɗaya ko ƙaramin rukuni zai gama cikin 'yan kwanaki. Waɗannan sassa ake jerawa a jadawalin Gantt, mai ɗauke da sunan injiniyan Amurka Henry Gantt wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910. Kowane aiki yana fitowa a matsayin layi kwance bisa kalanda, tsawon layin yana nuna kwanakin da zai ci.

Jadawalin kaɗai ba ya nuna wane jinkiri ne ke da haɗari. Wannan aikin wata dabara ce da kamfanonin DuPont da Remington Rand suka ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1950, wadda ke gano silsilar ayyukan da ta fi tsawo. A ce kamfani mai rassa uku zai kafa manhajar sito. Sayen kwamfutoci zai ci kwana 10, haɗa su kwana 5. A lokaci guda, tsaftace tsofaffin bayanan kaya zai ci kwana 25. Sai an gama duka biyun za a loda bayanai cikin kwana 3, a yi gwaji na kwana 7. Silsilar bayanai ita ce mafi tsawo: 25 da 3 da 7, kwana 35. Ɓangaren kwamfutoci yana da rarar kwana 10, don haka ko mai kawo kaya ya makara da mako guda, ranar kammalawa ba za ta motsa ba. Amma kwana ɗaya da aka rasa wajen tsaftace bayanai, aikin gaba ɗaya ne ya rasa shi. A nan manaja ke zuba ido.

Ƙiyasin kwanaki shi ma yana da dabara. Rundunar sojan ruwa ta Amurka, a shirin makami mai linzami na Polaris a 1958, ta yi amfani da ƙiyasi uku ga kowane aiki: idan komai ya tafi daidai, yadda aka fi zato, da idan abubuwa suka cije. Ana haɗa na farko da na ƙarshe da ninki huɗu na na tsakiya, a raba da shida. Aikin da aka ƙiyasta masa kwana 4 da 6 da 14 zai fito kwana 7. Amfanin lissafin shi ne yana tilasta wa mai ƙiyasi ya faɗi mummunan zaton da ya saba ɓoyewa.

Jerin gwano ko zango-zango

Hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko ita ce ta jerin gwano: a tattara buƙatu duka, a zana tsari, a gina, a gwada, a miƙa, kowane mataki sai na gabansa ya ƙare. Ta dace da aikin da aka san buƙatunsa sarai, kamar shimfiɗa wayoyin sadarwa ko kafa ɗakin na'urori, da kuma kwangilar da aka yanke wa farashi tun farko. Rauninta shi ne masu amfani ba sa ganin komai sai ƙarshe, lokacin da gyara ya yi tsada.

Ta biyu ita ce ta zango-zango, wadda ta samu suna Ajayil bayan masana manhaja 17 sun haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka a Fabrairun 2001 suka fitar da ƙa'idojinta. Salon da ya fi yaɗuwa a cikinta shi ne Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Ƙaramin rukuni, galibi mutum 10 ko ƙasa da haka, yana aiki a zangon da bai wuce wata ɗaya ba. A ƙarshen kowane zango ana nuna wa masu amfani abin da ke aiki, su faɗi ra'ayinsu, a sake jera buƙatu bisa muhimmanci. Kullum ana ganawar minti 15 domin duba inda aka kwana da abin da ya tsaya. Wannan hanya ta fi dacewa da manhajar waya ko shagon intanet, inda ba a sanin abin da kwastoma ke so sai ya taɓa. Sharaɗinta shi ne a samu wakili daga ɓangaren kasuwanci mai lokaci da ikon yanke shawara. Kamfanoni da dama suna gauraya biyun: kasafi da manyan wa'adi a tsarin jerin gwano, ginin manhaja a zango-zango.

Kayan aiki

Allon Kanban, wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ta Japan ne, shi ne mafi sauƙi: ginshiƙi uku na abin da ke jira, abin da ake kai, da abin da aka gama, kowane aiki a kati ɗaya. Ƙarfinsa yana cikin ƙayyade adadin katunan da za su zauna a ginshiƙin tsakiya, don kada a buɗe ayyuka goma ba a rufe ko ɗaya ba. Trello da Asana suna bayar da irin wannan allo a intanet. Jira, na kamfanin Atlassian, ya fi karɓuwa wurin masu rubuta manhaja. Microsoft Project yana zana jadawalin Gantt ya kuma lissafa silsila mafi tsawo. Ga ƙaramin aiki, Excel ko Google Sheets sun wadatar. WhatsApp yana da amfani wajen kira da tunatarwa, amma duk shawarar da aka yanke a can sai an mayar da ita rajistar aiki, domin saƙo yana nutsewa cikin hira.

Rajistar haɗura ma kayan aiki ce. Kowane haɗari ana rubuta yiwuwarsa, girman ɓarnarsa, matakin kariya, da mai lura da shi. A Najeriya da Nijar, ɗaukewar wuta da katsewar intanet a rassa suna cikin abin da ake fara rubutawa, haka ma tashin farashin dala ga lasisin da ake biya da kuɗin waje. Aikin da ya shafi bayanan mutane a Najeriya kuma dole ya bi dokar kare bayanai ta 2023.

Mutane da 'yan kwangila

Idan aiki ya makara, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ƙaro ma'aikata. Fred Brooks, wanda ya jagoranci ginin manhajar OS/360 a IBM, ya nuna a 1975 cewa hakan yakan ƙara jinkiri. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma masu koyarwar su ne waɗanda aiki ya dogara da su. Ga kuma yawan hanyoyin magana: mutum 5 suna da hanya 10 tsakaninsu, mutum 10 suna da 45, mutum 20 suna da 190. Rage yawan abin da za a miƙa a zagayen farko ya fi saurin ceto aiki.

Game da ɗan kwangila, biyan kuɗi ana ɗaure shi ne da sakamakon da aka gwada aka karɓa. Kwangilar tana fayyace wa ke mallakar bayanai da lambobin sirri, wane tallafi za a samu bayan miƙawa, da yadda kamfani zai kwashe bayanansa idan an rabu.

Gwaji da ranar sauyi

Nan ne asara mafi girma ke faruwa. Kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya matse aikin da aka tsara wa wata 48 zuwa wata 30, ya kunna sabbin manhajoji uku tare a Yulin 1999, daidai lokacin da odar bikin Halowin ke shigowa. Ya kasa kai kaya na kusan dala miliyan 100 alhali suna jibge a sito. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe kwastomominsa zuwa sabon tsari a Afrilun 2018. Bayanan sun isa, amma tsarin ya kasa ɗaukar aiki, harkoki ba su daidaita ba sai Disamba, kuma a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja kan na'urori bakwai cikin takwas, ya yi asarar dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45 a ranar 1 ga Agustan 2012. A Najeriya ma, kwastomomi sun sha fama da tura kuɗi a ƙarshen 2024 lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya babbar manhajarsu.

Darussan a bayyane suke. Lokacin gwaji ba shi ne ake yanka ba idan wa'adi ya matso. Ana gwada kowane sashe, a gwada haɗuwarsu, a gwada da cunkoso irin na ranar biyan albashi, sannan ma'aikatan da za su yi amfani da tsarin su gwada da ainihin aikinsu su sa hannu. Ana yin atisayen kwashe bayanai fiye da sau ɗaya, a daidaita jimillar kuɗi da adadin kaya tsakanin tsoho da sabo. Ba a sa ranar sauyi a lokacin da kasuwa ke ci, kamar gab da sallah ko rufe lissafin shekara. Inda hali ya yi, ana farawa da reshe ɗaya, ko a tafiyar da tsoho da sabo tare na ɗan lokaci. Kowane mataki na ranar yana rubuce a jeri, mutum na biyu yana tabbatarwa. Akwai kwafin ajiya da aka gwada dawo da shi, akwai kuma sa'ar da aka amince cewa idan abu bai daidaita ba za a koma tsohon tsari.

Horo da rufe aiki

Horo yana zuwa ne gab da ranar sauyi, don kada a manta, kuma kowa a kan aikinsa: mai karɓar kuɗi daban, mai kula da sito daban. A kowane reshe ana ware mutum ɗaya da ya fi gogewa domin abokan aiki su riƙa tambayarsa. Makonnin farko ana ƙara masu tallafi, ana rubuta kowane ƙorafi da ranar da aka magance shi.

Ana rufe aiki a hukumance idan an miƙa takardun bayani da lambobin sirri ga masu kula da tsarin, an soke izinin shiga na 'yan kwangila, an biya ragowar kuɗi, an kuma zauna an rubuta abin da ya yi kyau da abin da za a gyara a aiki na gaba. Bayan wata uku zuwa shida sai mai aikin ya ɗauko takardar kafa aiki ya auna sakamako da manufar da aka rubuta, a sanya abin da ya rage cikin jerin gyare-gyaren da sashen da ya karɓi tsarin zai bi.