Gargaɗi ga Mutanen Tudun Wada: Awa 72 Ne, Kuma Sun Fara Tafiya

Wannan gargaɗi ne ga wanda ya sadu da wata, ko wadda ta sadu da wani, ba tare da sanin lafiyar juna ba, babu kwaroron roba, ko kuma robar ta fashe. Wa'azi yana da masu shi, tuba kuma tsakaninka da Ubangijinka ce. Ni maganar agogo ce ta kawo ni.

Idan abin bai kai kwana uku da faruwa ba, tashi yanzu. Akwai maganin da likitoci ke kira PEP, ƙwayoyi ne da ake sha kullum har kwana 28 domin hana ƙwayar HIV kafuwa a jiki bayan ta samu hanyar shiga. Ƙofarsa tana rufewa ne bayan awa 72, kuma wanda ya fara sha a ranar farko ya fi wanda ya kai ta uku samun kariya. Asibitin Yusuf Ɗantsoho yana nan cikin Tudun Wada, daga Kasuwar Barci ko ƙofar Poli kuɗin keke ɗaya ne. In idon sani kake gudu, ga asibitin Barau Dikko a cikin gari, ga na Gwamna Awan a Kakuri. Ka faɗa wa likita rana da lokaci, ban da kwana-kwana. Idan fyaɗe ne, ko mace ko yaro, kada dangi su zauna sulhu har lokaci ya ƙure. Cibiyar Salama da ke asibitin Ɗantsoho domin irin wannan aka buɗe ta.

Inda samarinmu suka fi rufta shi ne wurin gwaji. Mutum ya kwana cikin fargaba, gari na wayewa ya je a ɗiga masa jini, a ce babu komai, ya fito yana hamdala. Wannan sakamako labarin watannin baya ya ba ka, bai ce komai ba game da daren jiya. Gwajin yatsa da aka saba yi yana neman martanin da jiki ya mayar ne, jiki kuwa yana iya ɗaukar tsakanin mako uku da wata uku kafin martanin ya nuna. Don haka a yi na farko yanzu domin a san inda aka tsaya, a maimaita bayan mako shida, a rufe da na wata uku. Kafin na ƙarshen ya fito, kada ka ce ka tsira.

HIV ce ke da suna, amma ba ita kaɗai ke bin wannan hanya ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na ’yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita, wannan binciken kuma ya gano cewa kimanin mutum 8 cikin manya 100 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Shi ma ta saduwa yana wucewa, ya ma fi HIV saurin kamu, yana cin hanta shiru shekara da shekaru. Yana da allurar rigakafi, kuma in aka yi ta da wuri bayan saduwar tana iya tare shi. Ka nemi a yi maka ita a ranar da ka je asibiti.

Ciwon sanyi a jikin namiji ba ya ɓoye kansa sosai: cikin kwana biyu zuwa mako biyu za ka ji zafin fitsari kamar an zuba barkono, ruwa mai kama da mugunya yana ɗiga daga gaba, wani lokaci maraina su kumbura. A jikin mace kuwa sau da yawa babu alamar komai, ko ɗan ruwa ne da ya sauya launi, ciwon mara, zafi lokacin saduwa, ko ganin jini ba lokacin al'ada ba. ’Yar uwarsa kilamidiya ta fi shi iya shiru, a maza da mata duka. Shirun nan ne ke hawa sama ya toshe hanyar ƙwai, sai bayan shekaru a ga amarya tana yawon neman haihuwa, dangin miji suna yi mata kallon juya.

Tunjere kuwa mayaudari ne. Wajen mako uku bayan saduwa wani ɗan gyambo zai fito a gaba, ko a baki, ko a dubura, ba ya zafi, kuma ko ba a sa masa komai ba zai warke da kansa. Mai shi ya ce Allah ya yaye. Cutar tana nan cikin jini. Daga baya ƙuraje su feso har a tafin hannu da na ƙafa, su ma su ɓace, ita kuma ta ci gaba da aikinta a zuciya da ƙwaƙwalwa. Allurar fenisilin tana kashe ta, in an gano.

Ina roƙonku da girman Allah ku bar zuwa kemis kuna raɗa wa yaron shago a ba ku kafso biyu na Ampiclox ko ja-da-yalo. Ƙwayar ciwon sanyi ta daɗe da fin ƙarfin fenisilin da tetarasaikilin da sifiro a wurare da yawa na duniya, shi ya sa yanzu allurar ceftriaxone ake yi, tare da wani maganin na kilamidiya. Rabin magani yana kwantar da zafi ya bar cutar, ya kuma ɓata gwajin da za a yi daga baya. Mai lasifika a bayan mota da ke rantsuwa jarka ɗaya tana wanke sanyi kowane iri, da na mara da na ƙashi, bai taɓa ganin jininka ba. Zancen cewa a masai ake ɗauko ciwon sanyi kuwa, mayafi ne kawai muka samu muna rufe kunya da shi.

Sai maganar gida, wadda ta fi nauyi. Magidancin da ya yi irin wannan saduwa ya koma ɗakin matarsa kafin gwaji yana iya ɗora mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, in yana da biyu ko uku kuma kwana ne zai raba musu shi. Idan akwai mai ciki, tunjere yana iya kashe ɗa a ciki, ciwon sanyi yana iya makantar da jariri wajen haihuwa. Ka ƙaurace wa shimfiɗa, ko ka sa roba, har sakamako ya fito. In an same ka da cuta, tare za a yi muku magani, ku kuma jira kwana bakwai bayan an gama, in ba haka ba za ku riƙa miƙa wa juna ita. Amma a lura, ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa a jikin mace ne daga saduwa ba. Kada a yanke wa kowa hukunci kafin likita ya duba.

Maganin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma dokar 2014 ta hana a nuna wa mai ɗauke da ita wariya a wurin aiki ko makaranta. Wanda bakinsa ya yi nauyi ya fara da kiran 6222, layin hukumar NACA mai yaƙi da HIV, ba sai ya faɗi sunansa ba. Ya rubuta ranar da abin ya faru a wayarsa, domin daga ita likita zai fara ƙirga.