Tsoho Ya Kwanta, Wa Zai Biya? Hanyoyin Samun Sauƙin Magani a Tasawa da Mayahi

Duk mai sana'a a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san yadda ciwon tsoho ke cinye jari. Mai tuyar ƙosai ta shekara tana tara ƴan kuɗinta, rana ɗaya hawan jini ya kayar da uwarta, kafin sati ya zagayo an sayar da akuya, an taɓa kuɗin wake da na mai. Mai tebur kuwa da ke riƙe da ƙane gurgu ko uba makaho, shi kullum cikin lissafi yake. Shi ya sa tambayar da masu saurare suka fi aiko mana a gidan rediyo ita ce: shin gwamnati ba ta da wani tanadi ne domin tsofaffi da naƙasassu, kamar yadda ta yi wa yara?

To, jama'a, tanadi akwai, amma a warwatse yake. Babu wani kati guda da za a miƙa wa tsoho a ce masa je ka, an gama. Ƙofofi ne daban-daban, kowace da irin takardar da take nema, kuma wanda bai nemi takardarsa tun yana tsaye da ƙafafunsa ba, ranar ciwo sai ya tarar da ƙofar a rufe.

Bari mu ɗan koma baya. Biyan kuɗi a likita ya samo asali ne daga shirin Bamako na 1987, wanda Nijar ta mayar doka a 1995: majinyaci ya biya wani abu, a sayi magani da shi, a riƙe gidan likita. Daga 2005 zuwa 2007, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin iyali, da ciwon dajin mata. An gode, ya ceci rayuka. Sai dai sunan tsoho bai fito a wannan jeri ba. Kuma kowa ya ga yadda bashin da gidajen likita suka riƙa bin gwamnati ya bar wasu kantocin magani wayam, har sai da aka kafa hukumar INAM domin ta ɗauki nauyin biyan waɗannan kuɗaɗe. Senigal kuwa tun 2006 ta buɗe shirin Sésame domin masu shekara 60 zuwa sama, Gana ma ta yafe wa masu shekara 70 kuɗin zubin inshorarta.

Sauƙin da ya taɓa tsoho kai tsaye a nan shi ne na 2024. A watan Agusta na wannan shekara gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta yanke shawarar rage rabin kuɗin aikin lafiya a asibitocin gwamnati, daga 1 ga Satumba: ganin likita, kwanciya, awon jini, hoto da fiɗa. An kuma soke jaka 150 da ake karɓa hannun masu wankin ƙoda kafin a fara yi musu. Wannan ba ya neman wata takarda, na kowa ne, tsoho da yaro. Amma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa rabin kuɗi ma kuɗi ne. Takardar maganin da za a kai farmasin cikin gari ba ta cikin ragin, haka kuɗin mota daga Urafan ko Gidan Amumun, haka abincin mai jinya da kwanakin da rumfa za ta yi a rufe.

Naƙasassu su ne doka ta fi yi wa magana, su ne kuma suka fi rashin sanin haƙƙinsu. Tun watan Maris na 1993 akwai dokar da ta shimfiɗa musu kariya, a 1996 wata ta yafe musu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa, a watan Disamba na 2019 kuma aka yi sabuwar doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin al'umma. A takarda abin gwanin kyau. Matsalar ita ce mai karɓar kuɗi a bakin taga ba da ido yake aiki ba, da takarda yake aiki. Ko da ya ga sanda a hannunka, sai ya ga shaidar da hukuma ta sa wa hannu. Saboda haka matakin farko ga mai riƙe da makaho, ko kurma, ko gurgu, ko mai taɓin hankali, shi ne ya je ofishin kula da jin daɗin jama'a na gundumarsa, ya tafi da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ya tambayi yadda ake yin rajista. Ƙungiyoyin naƙasassu da ke ƙarƙashin tarayyarsu ta ƙasa, wato FNPH, sun san hanyar fiye da kowa, kuma wanda ya je tare da su ba kasafai ake juya shi ba. Mu lura kuma, dokar 1996 manyan asibitocin ƙasa ta ambata, irin na Damagaram da na Yamai. Don haka a asibitin gunduma a tambaya tun kafin a kwanta, me aka yafe, me ba a yafe ba, kada a yi ta cacar baki ranar sallama.

A nan ne muke ganin laifin wasunmu. Akwai gidajen da ke ɓoye naƙasasshe a ƙuryar ɗaki, wai kunya. Wanda aka ɓoye ba shi da takarda, wanda ba shi da takarda kuwa hukuma ba ta san da zamansa ba. Tsofaffi da yawa a ƙauyukan Korgom, Maijirgi, Kanambakashe da Sarkin Hausa ba a taɓa yi musu takardar haihuwa ba, shekarunsu ma da yunwa kaza ko sarautar wane ake ƙirga su. Ana iya gyara wannan a gaban alƙali da shaidu, a ba da takardar da ke maye gurbinta. Aikin ƴan kwanaki ne idan ana lafiya, amma wa ke da sukunin bin kotu alhali uwarsa na kwance ana ƙara mata ruwa?

Ga tsohon da ba shi da kowa, ko ƴaƴansa ma neman na tuwo suke, akwai takardar shaidar rashin hali da ake nema ta ofishin magajin gari. Da ita ne sashen taimakon jama'a na asibiti ke duba lamarin majinyaci. Gaskiya tana da wuyar samu, domin asusun yawancin kananan hukumominmu ba shi da nauyi, wani lokaci a ba da takardar amma magani sai an saya. Duk da haka ta fi babu, kuma mai unguwa ko hakimi na iya tsaya wa mutum shaida.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne na dogara da ɗa ma'aikaci. Gwamnati na ɗaukar wa ma'aikacinta kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti, haka ne, amma wannan tanadi na ma'aikacin ne da iyalinsa, kada a ɗauka cewa ya haɗa da uwa da uba da gwaggo. Wanda ya yi aikin albashi har ya huta, ya bincika a CNSS ko CARENI, inda fanshonsa ke fitowa, ya ji abin da ya cancanta. Mai sayar da goro ko gishiri kuwa ba ta da rajista a ko ɗaya.

To ina mafita gare ta? Akwai abin da ake kira mutuwel, wato asusun lafiya na haɗin gwiwa, wanda dokar 2008 ta ba izini. Mun san sunan kansa na tsorata tsofaffi, wata ta ji an ce mutuwel sai ta ce a'uzubillahi! Alhali asusu ne kawai: kowa ya zuba kaɗan a kai a kai, wanda ciwo ya kama a biya masa wani kaso. Kafin ki zuba ko dala, ki tambaya: suna karɓar mai shekara 70? Suna karɓar wanda ya riga ya kamu da ciwon suga ko hawan jini? Wata nawa ake jira kafin a fara cin moriya? Da wane gidan likita suka yi yarjejeniya, CSI kaɗai ko har asibitin gunduma, ko har Maraɗi idan an tura mutum? Wa ke riƙe da kuɗin, kuma yaushe ake karanta lissafi a gaban jama'a? Wanda ya kasa amsa waɗannan a fili, riƙe kuɗinki.

Inda babu mutuwel mai aiki, matan jihar nan ba baƙi ba ne a harkar. A nan Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ga tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Banda akwatin rance, suna da ƙaramin akwatin taimako. Ƙungiyar da ke da mata 30, idan kowace ta ƙara dala ashirin a sati, wato sefa 100, a shekara an tara jaka 156. Ba zai biya babbar fiɗa ba, amma zai ɗauki mota zuwa Tasawa da tsakar dare, ya sayi maganin hawan jini na wata da watanni ga iyaye biyu ko uku. Sharaɗin dai a rubuta tun farko wa ake taimaka wa, kuma da nawa, don kada zumunci ya lalace a kan akwati.

A kuma tuna cewa maganin tarin fuka da na kuturta kyauta ne, kuma asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da masu kuturta. Tsohon da ya yi sati biyu yana tari, a kai shi CSI a duba majinarsa, a daina kashe kuɗi wajen mai tallar ƙwayoyi a bakin tasha. In kuma an biya wani abu a asibiti, komai ƙanƙantarsa, a karɓi rasit a adana shi tare da katin majinyacin, domin shi za a fara tambaya ranar da aka je neman ragi ko taimako.